Shin lalacewar batir ko caja na iya sa kwamfutar tafi-da-gidanka ta yi nauyi?

Malam, ka bayyana cewa kwamfutarka ta tafi-da-gidanka, wadda ta shekara huɗu a hannunka, ta fara nauyi, musamman idan ka cire ta daga caji. Ka ce batirinta yakan mutu farat ɗaya alhali yana nuna saura kashi 30 cikin ɗari, kuma tun da cajarta ta asali ta lalace ka sayi wata, nauyin ya fara bin ta har a lokacin da take jone da wuta. Kana son sanin ko batir da caja suna da hannu a wannan, ko kuwa RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, za ka ƙara kamar yadda aka ba ka shawara.

Suna da hannu, kuma a irin yanayin da ka siffanta su ne na farko da zan tuhuma. Shawarata ita ce ka dakata da sayen RAM, ka kuma dakata da sake ɗora Windows, har sai ka tabbatar da lafiyar wutar da ke shiga cikin na'urar. Dalilin hakan yana buƙatar bayani, domin mutane da yawa suna ɗaukar batir a matsayin abin da aikinsa kawai shi ne riƙe kwamfuta idan babu wuta, alhali kuwa yana cikin abubuwan da ke yanke iyakar gudun da za ta yi.

Firosesar kwamfuta, wato guntun da ke yin lissafi da aiwatar da umarni, ba ya gudu da sauri guda ɗaya a kowane lokaci. Idan babu aiki yakan sauko ƙasa sosai don ya rage shan wuta, idan kuma ka danna wata manhaja ko ka buɗe shafin intanet sai ya zabura zuwa ƙololuwar saurinsa na 'yan daƙiƙoƙi, ya gama aikin, ya koma ya lafa. Wannan zaburar ita ce mutum yake ji a hannunsa har ya ce kwamfuta tana da sauri, kuma da wuta ake biyan kuɗinta. Ɗauki firosesa irin Intel Core i5-1235U, wanda ake sawa a kwamfutocin ofis da yawa: wat 15 ne aka tsara masa a aikin yau da kullum, amma a lokacin zabura yana iya jan har wat 55. Wato cikin ƙiftawar ido buƙatarsa tana iya ninkawa fiye da sau uku, ban da abin da sikirin da fanka da ma'ajiyar bayanai da ɓangaren hotuna suke sha. A kan bod ɗin kwamfutar, wato babban allon lantarki da sassanta ke haɗe a kai, akwai wani ƙaramin guntun lantarki, da ake taƙaita sunansa da EC, wanda ke sa ido a kan caja da batir da zafi a kowane lokaci. Idan ya ga cewa wutar da ke hannu ba za ta ɗauki wannan zabura ba, sai ya hana ta, domin a wurin masu ƙera na'urar gara ta yi nauyi da ta mutu a tsakiyar aiki. Saboda haka nauyin da kake gani ba lallai ba ne ya zama gazawar firosesa. Sau da yawa hukunci ne da kwamfutar ta yanke wa kanta da gangan.

Wani ɓangare na nauyin da ake ji bayan cire caja tsari ne, ba cuta ba. Windows yana da saitin wuta iri biyu, na lokacin da kwamfuta ke jone da na lokacin da take kan batir, kuma na biyun yakan fifita daɗewar caji a kan sauri. A Windows 10, yanayin tsimin batir yana kunna kansa idan caji ya sauka zuwa kashi 20, ya rage hasken sikirin, ya takura wa manhajojin da ke aiki a bayan fage. Kwamfutocin wasanni sun fi nuna wannan bambanci, domin batirinsu ba ya iya ba da wutar da babbar cajarsu ke bayarwa, har kamfanin Nvidia ya tanadi wani tsari mai suna BatteryBoost da ke iyakance wasa a hotuna 30 cikin daƙiƙa idan ana kan batir. Wannan duka ana iya sassauta shi daga saiti, kuma sabuwar kwamfuta ma tana yin sa.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne mutuwar da take yi a kashi 30. Batirin kwamfutocin yanzu na lithiyam ne, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyi biyu ko uku ko huɗu da aka jera a jere, kowace tana kaiwa kimanin bolt 4.2 ko ɗan sama da haka idan ta cika, tana kuma sauka zuwa wajen bolt 3 idan ta ƙare. Tsufa yana yi wa irin wannan batir illa biyu. Ta farko kowa ya san ta: yawan cajin da yake iya ɗauka yana raguwa, kuma galibin batura sukan sauka zuwa kashi 80 na ƙarfinsu na asali bayan zagayen caji 300 zuwa 500, kodayake Apple ya ce na MacBook ɗinsa na zamani an tsara su su kai zagaye 1000. Illa ta biyu ba a cika maganarta ba, alhali ita ce ta shafi sauri kai tsaye: turjiyar da ke cikin batirin tana ƙaruwa, ta yadda ko da akwai caji a cikinsa ba ya iya sakin sa da yawa a lokaci guda. Idan kana karanta takarda kawai, wutar da ake ja kaɗan ce, batirin yana riƙewa lafiya. Da zarar firosesa ya zabura ya nemi wuta mai yawa, sai ƙarfin bolt ɗin batirin ya rusuna nan take, kuma idan ƙwaya ɗaya daga cikin jerin ta fi 'yan uwanta rauni, ita za ta riga su taɓa iyakar da na'urar kariya ke yanke wuta. A nan ne kwamfuta ke mutuwa ba sallama, alhali lissafin da ke kan sikirin yana cewa da sauran caji. Kwamfutoci da yawa suna ƙoƙarin kauce wa wannan ta hanyar rage wa firosesa iyakar wutar da zai ja idan batir ya yi ƙasa ko ya raunana, kuma sakamakon shi ne nauyin da kake ji. A watan Disamba na 2017 kamfanin Apple ya amsa a bainar jama'a cewa yana rage saurin wasu wayoyin iPhone masu tsofaffin batura don hana su mutuwa ba zato, kuma dalilin da ya bayar shi ne wannan da na bayyana. Waya ce a can, amma sinadarin batirin da matsalar duk ɗaya ne.

Sai batun caja, wanda nake ganin shi ne tushen nauyin da ke bin kwamfutarka ko tana jone. Juya cajar ka karanta rubutun da ke bayanta, a layin da ke nuna wutar da take fitarwa. Za ka ga lamba biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da harafin A, kuma idan ka ninka su za ka samu ƙarfinta: bolt 19.5 sau amfiya 3.34 wat 65 ke nan, bolt 19.5 sau amfiya 2.31 kuma wat 45. Sannan ka duba ƙasan kwamfutar ko takardarta ka ga nawa take buƙata. Cajar wat 45 da ta wat 65 da ta wat 90 suna iya zama da baki iri ɗaya, duk su shiga ramin caji daidai, duk su kunna fitilar caji, kuma wannan ne ke yaudarar masu saye. Idan kwamfutar da ke buƙatar wat 90 ta samu cajar wat 45, dole ta raba wannan 'yar wuta tsakanin aiki da cika batir, don haka ko dai caji ya riƙa hawa da ƙyar, ko ya tsaya, ko firosesa ya sauko, ko kuma duka ukun su haɗu.

Ko ƙarfin cajar ya yi daidai, akwai batun shaida. Cajojin Dell da na HP masu zagayayyen baki suna da wani siririn tsinke a tsakiyar bakin, wanda ba shi ne ke ɗauke da wutar aiki ba. Aikinsa shi ne ya gaya wa kwamfuta ƙarfin cajar. A na Dell, tsinken yana haɗe da wani ɗan guntu da ke cikin cajar mai ɗauke da bayananta, kuma idan tsinken ya lanƙwashe, ko siririyar wayarsa ta tsinke a ciki, ko cajar jabu ce da guntunta bai yi daidai ba, kwamfutar za ta kunnu amma ta ƙi yarda da cajar. Takan nuna gargaɗi a lokacin tashi cewa ba ta gane nau'in cajar ba, ta daina cika batir, ta kuma rage gudun firosesa. Cajojin Lenovo masu baki mai kusurwa huɗu su ma suna da tsinke na irin wannan aiki. A kwamfutocin da ke caji ta USB-C kuwa, caja da kwamfuta sukan yi ciniki ne kafin wuta ta fara gudana sosai, su daidaita a kan bolt 5 ko 9 ko 15 ko 20, kuma wayar da ke tsakaninsu tana da ta cewa: waya ta gama-gari amfiya 3 kawai aka yarda ta ɗauka, wato wat 60 a bolt 20, sai wadda ke da guntun shaida a bakinta ce ake bari ta ɗauki amfiya 5 ta kai wat 100. Sabon tsarin da aka fitar a 2021 ya ɗaga iyakar zuwa wat 240, amma sai caja da waya da kwamfuta duk sun dace da shi. Mutum yana iya sayen caja mai kyau ta wat 100, ya jona ta da wayar da ya tsinta a aljihun tebur, ya zauna da wat 60 bai sani ba.

Mafi munin wannan hali yana da alama da ba ta ɓuya. Firosesar Intel yana da wata hanyar gaggawa mai suna BD PROCHOT, wadda ta cikinta sauran sassan bod suke iya umartarsa ya sauko zuwa mafi ƙarancin gudunsa nan take. An yi ta ne don kariya daga zafi, amma masu ƙera kwamfuta suna amfani da ita idan caja ko batir ko na'urar auna wuta ta ba da rahoton matsala. An taɓa kawo mini wata kwamfuta da mai ita ya riga ya ƙara mata RAM, ya sauya mata ma'ajiya zuwa SSD mai sauri, ya sake ɗora mata Windows, amma buɗe takarda ɗaya yana cin ta kusan minti guda. Da na buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna yadda sassan kwamfuta ke aiki, na duba saurin firosesa, wanda ake aunawa da GHz, sai na ga ya kafe a 0.39 GHz, ba ya hawa ba ya sauka, jikin kwamfutar kuma sanyi ƙalau, fanka ko motsi ba ta yi. Na haska cikin bakin cajar, na tarar tsinken tsakiya ya kwanta a gefe guda. Da aka jona wata caja mai lafiya, lambar ta haura 3 GHz kafin in ɗauke hannuna. Duk lokacin da ka ga firosesa ya tsaya cak a 0.39 ko 0.79 GHz alhali kwamfutar ba ta yi zafi ba, ka nemi matsalar a ɓangaren wuta.

Wasu sukan ce, tunda batirin ya mutu, a cire shi kawai a riƙa aiki da caja. Wannan ba ya warware matsalar a kowace kwamfuta, wani lokaci ma ƙara ta yake yi. Caja da batir kamar famfo ne da tanki: famfo yana kawo ruwa daidai gwargwado, amma idan aka buƙaci mai yawa a lokaci guda, daga tanki ake cike giɓin. Kwamfutoci da yawa an tsara su ne su ɗebi ƙarin wuta daga batir a lokacin zabura ko da suna jone, shi ya sa za ka ga cajin kwamfutar wasanni yana raguwa a hankali yayin wasa mai nauyi alhali cajarta na jiki. Idan babu batir, ko yana nan amma ya mutu murus, ba inda za a cike giɓin, sai na'urar ta hana zaburar gaba ɗaya. Tsofaffin MacBook masu batirin cirewa suna rage gudun firosesa idan aka cire batirin, haka ma wasu tsofaffin ThinkPad idan aka bar su da cajar wat 65 kaɗai.

Ramin caji da ya saki, ko wayar caja da ta karye daga ciki kusa da baki, suna kawo wani nau'in nauyi na daban, wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wuta tana shiga tana yankewa, kwamfuta kuma tana ta sauya sheƙa tsakanin saitin caja da na batir, sai ka ga hasken sikirin yana ƙaruwa yana raguwa, bidiyo yana sarƙewa, sauti yana yankewa. Cajar da ba ta da inganci kuma takan fitar da wuta marar tsafta, har kibiyar maus ta riƙa tsalle ita kaɗai duk lokacin da aka jona ta, ta natsu da zarar an cire.

Zafi shi ma yana shiga lissafin. Cika batir yana haifar da zafi, tsohon batir mai yawan turjiya kuma ya fi sabo ɗumama, kuma duk wannan yana taruwa ne a cikin ƙunƙuntaccen jiki ɗaya da firosesa, wanda shi ma yake rage gudunsa idan ya kusanci digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. A nan dole in ja kunnenka game da kumburi. Idan ka lura wurin shafa yatsa ya ɗago ko ya daina dannuwa, ko madannai sun yi tudu, ko murfin ƙasa ya buɗe a gefe, ko kwamfutar ta daina zama daram a kan tebur, to iskar gas ta taru a cikin batirin. Wannan ya wuce maganar sauri, ya zama maganar gobara. Ka daina caji, ka kashe ta, kada ka danne batirin ko ka huda shi, ka kai wa ƙwararre ya cire, kuma kada a jefa shi cikin shara.

Akwai kuma ɓarnar da ke zuwa a fakaice. Kowace mutuwar ba-zata tana iya samun kwamfuta tana tsakiyar rubuta wani abu a ma'ajiya, kuma idan hakan ya yi ta maimaituwa, fayilolin Windows sukan lalace, sabuntawa ta tsaya a rabi, tashi ya riƙa ɗaukar lokaci saboda binciken gyara. Irin wannan nauyin yana iya wanzuwa ko bayan an sauya batir, sai an gyara manhajar. Saboda wannan haɗarin ne kwamfutoci da yawa suke ƙin sabunta BIOS, wato manhajar tushe da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, idan babu batir mai isasshen caji.

Gwajin da zai raba maka gardama ba ya buƙatar kwance ko dunƙule ɗaya. Ka buɗe Task Manager, ka shiga sashen da ke nuna aikin firosesa, ka sa ido a kan lambar sauri yayin da kake buɗe wata manhaja mai nauyi, sau ɗaya da caja, sau ɗaya babu ita. Firosesa mai lafiya zai haura saurinsa na tushe, wanda aka rubuta a wannan shafin, aƙalla na ɗan lokaci. Bayan haka ka buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye maka rahoto ya kuma nuna maka inda ya ajiye shi. A cikin rahoton ka kwatanta ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da ƙarfin da yake ɗauka yanzu idan ya cika. A ce na farko 45,000 mWh ne, na biyu kuma 21,000, to batirin ya rasa fiye da rabin ƙarfinsa, kuma a ganina duk wanda ya sauka ƙasa da kashi 60 yana kuma kashe kwamfuta ba zato ya gama aikinsa. Mai amfani da MacBook zai samu yanayin batir da yawan zagayensa a cikin bayanan tsarin na'urar. Sannan ka shiga BIOS, domin kwamfutoci da yawa, musamman na Dell, suna rubuta ƙarfin cajar da suka gane a can. Idan cajarka ta wat 65 ce amma ka ga an rubuta ba a san ta ba, ka samu mai laifi. Gwaji mafi sauƙi kuma mafi gamsarwa shi ne ka ari caja ta asali mai ƙarfin da ya dace ka jona na ɗan lokaci. Idan ita ma ba a gane ta ba, to matsalar tana ramin caji ko a kan bod, kuma wannan aikin mai gyara ne.

Za ka iya cin karo da masu ba da shawarar manhajar ThrottleStop, wadda ke iya toshe umarnin BD PROCHOT har saurin ya dawo. Tana aiki, kuma tana da amfani wajen tabbatar da inda matsalar take, amma ban yarda a mayar da ita magani ba. Idan gargaɗin na gaskiya ne, toshe shi yana nufin tilasta wa ƙaramar caja ko raunannen batir su ba da abin da ba su da shi, kuma ƙarshen hakan yana iya zama ƙonewar caja ko na ɓangaren caji a kan bod. Haka nan abin da ake kira daidaita batir, wato a cika shi fal, a bar shi ya ƙare, a sake cikawa, yana gyara lissafin kashin da ake nunawa ne kawai, ba ya dawo da ƙarfin da ya tafi.

Idan kuwa ka gwada ka ga firosesa yana hawa yadda ya kamata da caja da kuma babu ita, amma kwamfutar tana nan da nauyinta, to wuta ta fita daga zargi. A wannan shafin na Task Manager ka duba RAM da ma'ajiya: RAM da ke cike kusan kullum, ko ma'ajiya mai juyawa da ke tsaye a kashi 100, su ne ke nuna cewa shawarar da aka ba ka tana kan hanya.

A naka yanayin, ina ganin matsaloli biyu ne suka haɗu, kuma da caja ya kamata ka fara, domin ita ce ta fi sauƙin tabbatarwa, kuma caja marar kyau tana iya cutar da sabon batir idan ka riga ka sa shi. Ka nemi wadda bolt ɗinta ya yi daidai da na asali, wat ɗinta kuma ya kai na asali ko ya fi, tunda kwamfuta tana jan abin da take buƙata ne kawai. Bayan haka ka sauya batirin da wanda lambar samfurinsa ta dace da ta tsohon. Idan mafi yawan aikinka a kan tebur ne kwamfutar na jone, ka duba manhajar kamfanin da ya ƙera ta ko BIOS ɗinta, domin Lenovo da ASUS da Dell da wasunsu suna ba da damar tsayar da caji a kashi 80 ko ƙasa da haka, kuma batirin lithiyam ya fi saurin tsufa idan ya daɗe cike fal a cikin zafi. Ranar da za ka yi tafiya sai ka ɗage iyakar ka cika shi.